Muhawarar Fasaha a Masana'antar Rumbun Bayanai: Tarihinta, Ma'auninta da Muradun da ke Bayanta

Rumbun bayanai shi ne manhajar da ke ajiye bayanai cikin tsari, ta kuma dawo da su duk lokacin da aka nema. A cikinsa banki ke riƙe lissafin kuɗin mai ajiya, a cikinsa hukuma ke adana rajistar masu zaɓe da lambobin shaidar ɗan ƙasa, haka nan asibiti da kamfanin waya da ofishin biyan albashi. Kamfanoni irin su Oracle da IBM da Microsoft da Google da Amazon suna gogayya a wannan kasuwa, tare da manhajojin da lambobinsu ke buɗe ga kowa, kamar PostgreSQL da MySQL.

Tun daga shekarun 1970 masana'antar ke cikin jayayya kan wane tsari ya fi dacewa, wace manhaja ta fi sauri, wace ce kuma ba ta ɓatar da abin da aka ba ta ajiya. Ingancin wannan jayayya ya sha hawa da sauka. Akwai lokutan da aka yi ta da gwaji da alƙaluma a bainar jama'a, akwai kuma lokutan da talla da sharuɗɗan lasisi suka danne hujja. Tunda gwamnatoci da bankuna na sayen waɗannan manhajoji bisa abin da aka gaya musu, yadda ake muhawarar na shafar dukiya da haƙƙin mutanen da ba su taɓa jin sunan kamfanonin ba.

Abubuwan da ake jayayya a kansu

Yawancin saɓanin ya ta'allaƙa ne a kan abubuwa huɗu. Na farko shi ne siffar ajiya, wato ko a jera bayanai cikin jadawali mai layuka da ginshiƙai, ko a ajiye su a wata siffa daban. Na biyu shi ne sauri da tsada. Na uku shi ne amincin hada-hada: idan an cire kuɗi daga wani asusu domin sakawa a wani, dole ne ko dai ayyukan biyu su kammala tare, ko kuma a fasa su gaba ɗaya, ko da wuta ta ɗauke a tsakiya. Masana na taƙaita waɗannan alkawura da haruffan ACID. Na huɗu shi ne abin da ke faruwa idan aka rarraba bayanai a kan kwamfutoci da yawa, sannan sadarwa ta yanke a tsakaninsu.

Uku daga cikin huɗun ana iya gwada su a aikace. Wahalar ita ce gwajin na da tsada, sakamakonsa na canzawa da ɗan sauyin saiti, kuma sau da yawa wanda ke da kuɗin gudanar da shi shi ne mai sayar da hajar.

Babbar muhawarar 1974

A farkon shekarun 1960, Charles Bachman na kamfanin General Electric ya gina tsarin da mai rubuta manhaja ke bin sawun bayanai daga wani rikodi zuwa wani, kamar mai bin igiya. Wani kwamitin masana'antu mai suna CODASYL ya ɗauki wannan salo ya mai da shi ƙa'ida. A 1970 kuma Edgar Codd, masanin lissafi ɗan asalin Ingila da ke aiki da IBM a Kalifoniya, ya wallafa maƙala da ta kawo wata hanya. A ganinsa, a jera bayanai cikin jadawali, mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, manhaja ita ta nemo hanyar kawo shi.

Magoya bayan Bachman sun ce tsarin Codd ba zai taɓa yin saurin da ake buƙata ba, kuma lissafinsa ya fi ƙarfin ma'aikacin ofis. Magoya bayan Codd sun ce tsarin bin sawu na da sarƙaƙiya, kuma da zarar an sauya yadda aka ajiye bayanai sai an sake rubuta manhajojin da ke amfani da su. A watan Mayun 1974 aka haɗa ɓangarorin biyu a wani taron masana a Ann Arbor ta jihar Michigan. Michael Stonebraker da Joseph Hellerstein, a waiwayen tarihin da suka wallafa a 2005, sun ce babu ɓangaren da ya fayyace matsayinsa sosai a taron, kuma an tashi ba tare da matsaya ba.

Abin da ya raba gardamar abu biyu ne. Na farko, masu bincike sun gina tsarin Codd a aikace: System R a IBM, da Ingres a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Wannan ya nuna cewa manhaja na iya zaɓo hanya mai sauri da kanta. Na biyu, kasuwa ta yanke hukunci. Oracle ta fara sayar da manhaja mai amfani da harshen SQL a 1979, IBM ta sanar da DB2 a 1983, sannan SQL ya zama ƙa'idar hukuma a Amurka a 1986. Stonebraker da Hellerstein sun fitar da darasin cewa giwayen kasuwa ne kan kawo ƙarshen irin wannan muhawara, sau da yawa bisa dalilan da ba su shafi fasaha ba. Bachman ya samu lambar yabo ta Turing a 1973, Codd kuma a 1981.

Lokacin da suna ya zama tambarin talla

Nasarar tsarin jadawali ta haifar da matsala sabuwa. Kamfanoni suka riƙa liƙa wa tsofaffin manhajojinsu sunan tsarin Codd ba tare da sun sauya asalinsu ba. A watan Oktoban 1985 Codd ya wallafa jerin ƙa'idoji a mujallar Computerworld domin a tantance na gaskiya da na bogi. An san su da ƙa'idoji 12, ko da yake 13 ne, domin ya fara ƙirga su daga sifili. Ƙa'idojin sun yi tsauri har manyan manhajojin lokacin suka kasa cika su duka.

Wannan al'ada ta ɗaukar kalmar masana a mai da ita ado ta ci gaba. Duk kalmar da ta samu farin jini, sashen talla kan kama ta kafin a daidaita kan ma'anarta, daga nan sai mutum biyu su yi ta gardama alhali kowa na nufin abu daban.

Sharaɗin DeWitt

A 1983 David DeWitt na Jami'ar Wisconsin, tare da Dina Bitton da Carolyn Turbyfill, suka wallafa sakamakon wani gwajin awo da ya kwatanta manhajoji da dama, kowace da sunanta. Oracle ba ta yi kyau a wasu sassan gwajin ba. Kamar yadda DeWitt ya ba da labari daga baya, shugaban kamfanin, Larry Ellison, ya fusata har ya nemi jami'ar ta sallame shi. Jami'ar ba ta yi hakan ba. Amma Oracle ta sanya sharaɗi a lasisinta da ya hana mai amfani da manhajar wallafa sakamakon gwajin awo sai da izinin kamfanin. Wasu kamfanonin suka bi sahu, aka kuma raɗa wa wannan sharaɗi sunan DeWitt.

Kamfanoni na kare sharaɗin da cewa wanda bai iya saita manhaja ba zai iya wallafa alƙaluman da za su ɓata mata suna bisa zalunci. Akwai ƙamshin gaskiya a hujjar, domin saiti na sauya sakamako ƙwarai. Sai dai illarsa ta fi yawa. Shekaru da dama masu bincike a jami'o'i na ɓoye sunayen manhajojin da suka gwada, suna kiran su da laƙabi irin su DBMS-X. Mai saye ya rasa ra'ayi mai zaman kansa, ya koma dogaro da alƙaluman da mai sayarwa ya yarda a fitar.

Yunƙurin kafa alƙali

A tsakiyar shekarun 1980 kowane kamfani na shelar adadin hada-hadar da manhajarsa ke yi a daƙiƙa ɗaya, kuma kowa da irin mudunsa. A 1985 Jim Gray na kamfanin Tandem, tare da masana fiye da 20 daga kamfanoni da jami'o'i, suka fitar da maƙala a mujallar Datamation ba tare da bayyana sunayensu ba. Sun ba da shawarar gwaji guda da ke kwaikwayon aikin banki, kuma sun dage cewa a faɗi kuɗin na'urorin tare da saurinsu. A 1988 Omri Serlin ya jagoranci kafa majalisar TPC da kamfanoni takwas.

Majalisar ta fitar da gwajin TPC-A a 1989, da TPC-C a 1992, da TPC-H a 1999, daga baya kuma TPC-DS. Ta kuma kafa ƙa'idoji masu muhimmanci: dole a wallafa cikakken rahoton na'urori da saiti da farashi, kuma dole mai bincike mai zaman kansa ya duba sakamakon. A 1993 kamfanin nazarin kasuwa na Standish Group ya zargi Oracle da sanya wata dabara a manhajarta da babu abin da take amfanarwa sai ɗaga makin TPC-A. Oracle ta musanta zargin. A wannan shekarar majalisar ta haramta duk wata dabara da aka ƙera domin cin gwaji kawai.

TPC ta ɗaga darajar muhawarar, amma tana da iyaka. Gwajin da aka duba a hukumance na cin kuɗi mai yawa, saboda haka manyan kamfanoni ne suka fi iya shiga. Kamfani ba ya wallafa sakamako sai ya yi masa daɗi. Wasu kuma kan ɗauki wani yanki na gwajin su gudanar da kansu, su ce sun samo shi ne daga TPC, ba tare da kowa ya duba ba.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Ƙa'idar SQL ta 1992 ta zayyana matakai huɗu na keɓe hada-hada, wato yadda rumbu ke hana ayyukan da ke gudana a lokaci guda taka ƙafar juna. A 1995 masana shida, ciki har da Jim Gray da Philip Bernstein da Jim Melton, wanda shi ne editan ƙa'idar, suka nuna cewa bayanin matakan na da harshen damo. Sun kuma bayyana wani mataki da ƙa'idar ba ta ambata ba, inda kowace hada-hada ke aiki da hoton bayanai kamar yadda suke a lokacin da ta fara.

Ga misalin gibin da ke cikinsa. Wata ƙungiya na da asusu biyu, kowane da naira 50,000, kuma dokar banki ita ce jimillarsu kada ta gaza sifili. Ma'aji da sakatare suka nemi cire naira 80,000 kowannensu a lokaci guda, ɗaya daga asusu na farko, ɗaya daga na biyu. Kowace hada-hada ta duba hotonta, ta ga jimillar naira 100,000, ta amince. Da aka gama, kowane asusu na da gibin naira 30,000, an kuma karya dokar ba tare da wata ƙararrawa ta kaɗa ba. Da a ce ayyukan sun gudana ɗaya bayan ɗaya, da an hana na biyun.

Matakin da Oracle ke kira da sunan mataki mafi tsauri a ƙa'idar SQL irin wannan na hoto ne. Haka PostgreSQL take kafin fitowar samfurinta na 9.1 a 2011, wanda ya toshe gibin. Ma'ana, injiniyoyi biyu na iya furta kalma ɗaya suna nufin alkawura daban-daban. Maƙalar 1995 na cikin misalan muhawara mai kyau, domin ta kawo misalan da kowa zai iya bi da alƙalami, kuma ɗaya daga cikin marubutanta ya soki aikin da shi kansa ya sa hannu a ciki.

Rikicin MapReduce

A 2004 Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat na Google suka bayyana MapReduce, hanyar rarraba babban aiki ga dubban ƙananan kwamfutoci. Manhajar Hadoop ta kwaikwayi tsarin, ta kuma bazu a duniya. A watan Janairun 2008 DeWitt da Stonebraker suka rubuta cewa MapReduce babban koma baya ne, domin ya yi watsi da darussan shekaru kusan 40, kamar tsara bayanai tun farko, da amfani da fihirisa, da harshen tambaya mai sauƙi. Masu kare MapReduce suka ce an kwatanta abubuwan da ba jinsi ɗaya ba, tunda ba a taɓa cewa MapReduce rumbun bayanai ne ba. Wasu suka tuna cewa Stonebraker na cikin waɗanda suka kafa Vertica, kamfanin da ke gogayya a wannan fage.

Abin da ya fitar da wannan jayayya daga zagin juna shi ne gwaji. A 2009 Andrew Pavlo da abokan aikinsa, ciki har da DeWitt da Stonebraker, suka kwatanta Hadoop da rumbuna biyu a kan kwamfutoci 100. Rumbunan sun fi saurin amsa tambayoyi, Hadoop kuma ta fi saurin loda bayanai da sauƙin kafawa. Ɗaya daga cikin rumbunan Vertica ne, ɗayan kuwa an kira shi DBMS-X, ga shi kuma DeWitt na cikin marubutan. A watan Janairun 2010 mujallar Communications of the ACM ta buga hujjojin ɓangarorin biyu a fitowa ɗaya, inda Dean da Ghemawat suka ce yawancin raunin da aka gano na Hadoop ne, ba na tsarin da Google ke amfani da shi ba.

Tarihi ya ba kowa rabonsa. Facebook ta gina Hive domin a yi wa Hadoop tambaya da harshe mai kama da SQL, Google kuma ta bayyana a 2014 cewa ta daina dogaro da MapReduce. A ɗaya gefen, dabarun jure mutuwar na'ura a tsakiyar aiki da amfani da na'urori masu araha sun shiga cikin sababbin rumbuna.

Ka'idar CAP da guguwar NoSQL

A shekarar 2000 Eric Brewer na Berkeley ya gabatar da hasashen da aka sani da CAP, wanda Seth Gilbert da Nancy Lynch na MIT suka tabbatar da lissafi a 2002. Abin da aka tabbatar ƙunƙuntacce ne: idan sadarwa ta yanke tsakanin kwamfutocin da ke riƙe kwafin bayanai ɗaya, dole tsarin ya zaɓa, ko ya ƙi amsawa, ko ya amsa da bayanin da mai yiwuwa ya tsufa.

A bakin 'yan kasuwa sai ka'idar ta koma kirarin "zaɓi biyu cikin uku". Bayan Google ta bayyana Bigtable a 2006, Amazon ta bayyana Dynamo a 2007, aka kuma yi wani taro a San Francisco a 2009 da ya yayata sunan NoSQL, sababbin manhajoji da dama sun fake da CAP wajen janye alkawuran ACID. An riƙa cewa duk mai son girma dole ya haƙura da daidaito. A 2012 Brewer da kansa ya rubuta cewa kirarin biyu cikin uku na ɓatar da mutane, domin zaɓin na tasowa ne kawai a lokacin yankewar sadarwa. Daniel Abadi ya ƙara da cewa a ranakun da sadarwa ke lafiya, cinikin da ake yi tsakanin daidaito ne da jinkiri. A 2012 ɗin kuma Google ta bayyana Spanner, rumbun da ya ratsa nahiyoyi yana riƙe da hada-hada mai cikakken aminci. A 2018 MongoDB ta ƙara wa manhajarta hada-hadar da ke haɗa takardu da yawa.

Jepsen da al'adar gwada alkawari

A 2013 injiniya Kyle Kingsbury ya fara aikin da ya kira Jepsen. Hanyarsa mai sauƙin fahimta ce. Yakan karanta alkawarin da kamfani ya rubuta, ya kafa manhajar a kan ƴan kwamfutoci, ya yi ta aika mata bayanai, sannan ya yanke sadarwa ko ya kashe na'ura ko ya karkatar da agogo da gangan. Daga nan sai ya duba ko tarihin abin da ya faru ya dace da alkawarin. Gwaje-gwajen farko sun nuna cewa manhajoji sanannu, ciki har da MongoDB da Redis da Elasticsearch, kan rasa bayanan da suka riga suka ce sun karɓa a wasu yanayi. Ko PostgreSQL, mai suna wajen aminci, an gano mata kuskure a matakinta mafi tsauri a 2020, masu kula da ita suka kuma gyara.

Jepsen ta jawo hankali ga saitin da manhaja ke zuwa da shi daga kamfani, wanda shi ne mafi yawan masu amfani ke bari yadda yake. Har zuwa ƙarshen 2012, hanyoyin haɗi da MongoDB ba sa jiran tabbacin cewa an karɓi rubutu sai an umarce su. Sai a samfurin 5.0 na 2021 ne jiran amincewar mafi yawan kwafi ya zama saitin asali. Manhajar da aka auna saurinta da saiti mara tsauri, aka kuma yabi amincinta da saiti mai tsauri, an sayar da alkawura biyu ke nan da ba sa zama tare.

Kamfanoni ne ke biyan kuɗin da yawa daga cikin binciken Jepsen, kuma rahotannin kan faɗi wanda ya biya. Lambobin gwajin a buɗe suke ga mai son maimaitawa. Kingsbury kan jaddada cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu shi.

Gasar alƙaluma a zamanin gajimare

A watan Nuwamban 2021 kamfanin Databricks ya sanar da kafa tarihi a gwajin TPC-DS mai girman terabait 100, wanda aka duba a hukumance. Ya haɗa da wani kwatance da cibiyar manyan kwamfutoci ta Barcelona a Sifaniya ta gudanar, yana cewa ya ninka Snowflake sauri sau 2.7. Mutum biyu daga cikin waɗanda suka kafa Snowflake, Benoit Dageville da Thierry Cruanes, suka mayar da martani cewa alƙaluman sun saɓa wa nasu, suka fitar da sakamakonsu. Databricks ta ce Snowflake ta yi amfani da bayanan da ta riga ta shirya wa gwajin. Ba a cimma matsaya ba, amma kamfanonin biyu sun sassauta sharaɗin DeWitt a lasisinsu a cikin wannan wata.

Shekaru uku kafin nan, a 2018, masu bincike a cibiyar CWI da ke Amsterdam, ciki har da Mark Raasveldt da Hannes Mühleisen, sun nuna sauƙin murɗe irin wannan gwaji. Da ɗan sauyin saiti suka samar da sakamako mai zagaye tsakanin MariaDB da PostgreSQL da SQLite, inda ta farko ta doke ta biyu, ta biyu ta doke ta uku, ta ukun kuma ta doke ta farko. Babu alƙalamin ƙarya a ciki, kowace lamba an auna ta da gaske.

Abubuwan da ke raunana muhawarar

Daga wannan tarihi ana iya fitar da dalilai da ke maimaituwa. Masana da yawa na da hannun jari a abin da suke karewa, domin a wannan fage malamin jami'a kan zama mai kamfani. Wannan ba ya rushe hujjarsa, amma yana wajabta bayyana muradinsa. Sharuɗɗan lasisi na hana gwaji mai zaman kansa. Kalmomi irin su daidaito na da ma'anoni da yawa. Ana kwatanta manhajar da aka ƙware wajen saitawa da wadda aka bari yadda ta zo. Akwai kuma mantuwa: Stonebraker da Pavlo sun sake waiwayar tarihi a 2024, suka nuna cewa ra'ayoyin da aka gwada aka bari kan dawo da sabon suna, kuma yawancin tsare-tsaren da suka zo domin maye gurbin SQL sun ƙare da ɗaukar siffofinsa.

Muhawara mai inganci kuwa tana da alamomi. Ana fayyace ma'anar kalma kafin a yi gardama a kanta. Ana faɗin irin aikin da aka gwada, da na'urorin, da saitin, da farashin. Ana tabbatar da cewa amsoshin da manhajojin suka bayar daidai ne, domin saurin kawo amsar kuskure ba nasara ba ce. Ana ba wa wani damar maimaita gwajin, abin da taron masana na SIGMOD ya fara ƙarfafawa tun 2008. Ana kuma faɗin inda abokin hamayya ya yi nasara.

Inda lamarin ya taɓa jama'a

Idan babu mai ikon bincikar iƙirarin da aka yi kan wani tsari, wanda ke ƙasa ne ke ɗaukar asara. A Birtaniya, daga 1999 zuwa 2015, an gurfanar da masu kula da rassan gidan waya fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, ana dogaro da alƙaluman tsarin Horizon na kamfanin Fujitsu. Hukumar gidan waya ta daɗe tana cewa tsarin amintacce ne. A Disamban 2019 wata babbar kotu ta gano cewa yana da kurakurai da ke iya haifar da gibi a lissafin reshe, kuma ma'aikatan kamfanin na iya taɓa bayanan reshe daga nesa. A 2024 majalisar dokoki ta zartar da dokar soke hukunce-hukuncen, bayan wasu sun riga sun yi zaman gidan yari.

A Najeriya, ranar 25 ga Fabrairun 2023, takardun sakamakon zaɓen shugaban ƙasa sun kasa hawa dandalin IReV na hukumar zaɓe a kan lokaci, alhali na 'yan majalisar tarayya na hawa. A rahoton da ta fitar a 2024, INEC ta ce manhajar na tsara sakamako ne bisa jihohin da ke cikin rumbun bayananta, kuma tunda zaɓen shugaban ƙasa ba a jingina shi da wata jiha ba, sai ta kasa samar masa mazauni. Tawagar sa ido ta Tarayyar Turai ta ce tangarɗar da ƙarancin bayani a kanta sun rage amincewar jama'a da zaɓen.

Bayanin da hukumar ta bayar iƙirari ne na fasaha, irin wanda ake iya tabbatarwa ko ƙaryatawa. Tambayoyin da suka dace da shi su ne waɗanda masana'antar ta koya cikin shekaru 50: wane gwaji aka yi kafin ranar zaɓe, ko ya haɗa da zaɓen da ba na jiha ɗaya ba, wa ya duba sakamakon gwajin, me kundin ayyukan na'urorin ya nuna a sa'o'in da abin ya faru, kuma wa ke da izinin ganinsa. Tambayoyin sun shafi duk wata kwangilar rumbun bayanai da za a biya da kuɗin jama'a, musamman idan lasisin da aka sa wa hannu ya hana hukumar da ta saya wallafa sakamakon gwajinta.